Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu daga Ma'aikatar Harkokin Teku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, Sarkin Ruwa, malamanmu, iyayenmu mata, assalamu alaikum.

Mai girma babban baƙo, lale marhabin. Kun sha hanya, kun sha ƙura, sannunku da zuwa.

Da labarin zuwanka ya iso, wani dattijo a majalisar ƙofar dagaci ya ce, "Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, me ya haɗa kifi da kaska?" Aka yi dariya. To amma ranka ya daɗe, buhun riɗin da ya jingina da shi yana wannan magana, teku zai bi. Riɗinmu da zoɓonmu a kan tara su a kasuwanni irin Maigatari, tirela ta kai su Legas, jirgin ruwa ya wuce da riɗi Japan da Turkiyya, zoɓo kuma Meziko. Kuɗin waje ne ke shigo wa ƙasa, kuma daga fartanyarmu ya faro. Tun kakanninmu haka abin yake: da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da aka riƙa tara dala da ita ta Legas ta bi zuwa Ingila.

Shi ya sa idan kaya suka kwana a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas, mu ne muke ji a jikinmu. Dillali zai zo ya ce kwantena ta maƙale, ya karya farashi, manomi kuma ga bashin taki a wuya. Mun ji an buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki ta Kano a 2023, shekarar da aka kafa ma'aikatarku. Muna fatan mu gani a farashin buhu.

Sai maganar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mu masunta ne a bakin kogin Haɗeja, amma yau kifin ƙanƙara da aka yo odarsa daga waje ake soya wa yaranmu a bakin tasha. Ina yaro, mahaifina kan dawo da hantsi kwalekwale cike da tarwaɗa da karfasa, iyayenmu mata su wuni a gaban banda, idanu jajur saboda hayaƙi. Yanzu ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Sai mutum ya shiga da lauje, ruwa iya wuya, ya yanke hanya kafin ya jefa birgi, bayan 'yan makonni ta sake rufewa. A cikinta kuma tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya sauka a kan shinkafa.

Roƙonmu, idan kun zauna lissafin arzikin ruwa, a sa namu kogin a ciki: a yashe hanyoyin ruwan nan, a taimaka mana da wurin adana kifi mai sanyi. Sarkin Ruwa ya tanadi kwalekwale, in an tashi daga nan za mu kai ka ka ga kachalar da idonka. Allah ya mayar da ku gida lafiya.