Dino Zoff: Daga Bakin Raga Zuwa Kujerar Koci

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai dubi rayuwar Dino Zoff, ɗan ƙasar Italiya, wanda ya shafe shekara 22 yana tsaron raga, daga bisani ya koma gefen fili ya horar da manyan ƙungiyoyi, har da ta ƙasarsa.

An haifi Zoff a shekarar 1942 a wani ɗan ƙaramin gari da ke arewa maso gabashin Italiya. Yana yaro ya je gwaji a Inter Milan da Juventus, duka biyun suka sallame shi saboda gajarta. Da ya ƙara tsawo sai Udinese ta ɗauke shi, amma a wasansa na farko a gasar Serie A, a 1961, ƙwallo biyar Fiorentina ta zura masa. Daga nan ya bi ta Mantova da Napoli, kuma sai a 1972, yana da shekara 30, ita Juventus ɗin da ta ƙi shi tun fari ta zo ta saye shi. Ya yi mata kaka 11 ba tare da ya fasa wasan lig ko ɗaya ba, ya ci kofin Serie A sau 6 da kofin UEFA na 1977.

Zoff bai kasance irin golan nan mai tsalle domin a tafa masa ba. Ƙarfinsa yana wajen sanin inda zai tsaya tun kafin a buga, shi ya sa ƙwallon da wani sai ya yi sufa kafin ya taɓa ta, shi sai ka ga ta faɗo masa a ƙirji. Tsakanin 1972 da 1974 ya yi minti 1,142 a ragar Italiya ba wanda ya ci shi, har sai da Emmanuel Sanon na ƙasar Haiti ya karya wannan lago a gasar cin kofin duniya.

Sai dai aikin gola aiki ne da ba a ƙirga wanda ka tare, wanda ya wuce kaɗai ake tunawa. A kofin duniya na 1978, 'yan wasan Holan da na Barazil sun ci shi da bugu daga nesa, nan take jaridun ƙasarsa suka ce tsufa ya kama shi, idonsa ya daina gani. Bai tanka musu ba. Bayan shekara 4 ya je Sifaniya a matsayin kyaftin, yana ɗan shekara 40. A zagayen farko Italiya ta tashi 1 da 1 da Kamaru, wadda Thomas N'Kono ke tsare wa raga, kuma da ƙyar ta tsallake rukuni. A wasa da Barazil kuwa, Italiya tana gaba da ci 3 da 2, saura 'yan mintuna a tashi, ga shi kunnen doki kawai Barazil ke buƙata ta wuce zagaye na gaba, sai Oscar na Barazil ya sa kai. Zoff ya faɗa ɓangaren hagunsa ya danne ƙwallon a daidai kan layi, ya riƙe ta gam. Da ta kufce masa ko da taki ɗaya ne, da ƙwallaye ukun da Paolo Rossi ya ci a ranar sun tashi a banza. Ranar 11 ga Yuli 1982 ya ɗaga kofin a Madrid bayan sun doke Jamus ta Yamma 3 da 1, kuma har yau babu wanda ya ci kofin duniya da shekarun da suka kai nasa.

Ba kasafai masu ƙungiyoyi ke damƙa wa tsohon gola ragamar horarwa ba, galibi sukan bar shi da koyar da masu tsaron raga kawai. Shi ma Zoff daga nan ya fara, kafin Juventus ta naɗa shi koci a 1988. A kakarsa ta biyu ya ci mata kofin Italiya da na UEFA, amma duk da haka shugabannin ƙungiyar suka sauya shi, wai suna neman wasa mai ƙayatarwa. A kakar da ta biyo baya Juventus ko gurbin shiga gasar Turai ba ta samu ba. Shi kuwa ya wuce Lazio, inda ya yi koci, ya kuma riƙe shugabancin ƙungiyar.

A 1998 aka ba shi ƙungiyar ƙasa, ya kai ta gasar cin kofin Turai ta 2000 ba tare da golanta Buffon ba, wanda ya karye a hannu dab da fara gasar. A wasan kusa da na ƙarshe an ba Zambrotta na Italiya jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, Holan mai masaukin baƙi ta ɓarar da fenareti biyu, Italiya ta jure da mutum 10 har ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A wasan ƙarshe a Rotterdam tana gaban Faransa da ci ɗaya, alƙalin wasa na shirin hura tashi, Wiltord ya farke, sannan Trezeguet ya ƙarasa aikin a ƙarin lokaci.

Kashegari Silvio Berlusconi, mai ƙungiyar AC Milan kuma jagoran 'yan adawa a lokacin, ya fito ya caccake shi da kalamai masu zafi, yana zarginsa da ƙin sa wani ya manne wa Zidane, ɗan wasan Faransa. A ganinmu wannan suka ba ta yi adalci ba, domin kocin da ƙungiyarsa ke gaba har daƙiƙun ƙarshe ba za a ce dabararsa ta gaza ba. Zoff ya kira taron manema labarai, ya ce sukar aiki daban take da taɓa mutunci, ya ajiye muƙaminsa kwana biyu bayan wasan. Ya sake komawa Lazio a 2001, sannan a 2005 ya karɓi Fiorentina tana tangal-tangal, ya tsirar da ita daga faɗawa rukuni na biyu a ranar ƙarshe ta kaka, kuma daga nan bai sake horar da wata ƙungiya ba.