Rigar Ganyen Abarba: Suturar Iyalin Filifin a Farkon Ƙarni na 20

Ku ɗauka ga wani tsohon hoto na wani iyali a Manila, babban birnin Filifin, wajen 1910. Maigida ya sa farar kwat, wadda suke kira amerikana. Tun 1898 dai ƙasar ta fita daga hannun Sifaniya ta koma hannun Amurka. Uwargida kuwa tana nan da kayan gado, baro't saya.

Kayan nan kashi huɗu ne. Akwai camisa, 'yar riga shara-shara mai faɗin hannu, da saya, dogon siket wanda na masu hali har jela yake ja a ƙasa. Sai pañuelo, gyale mai kusurwa huɗu da ake ninkewa a yafa a kafaɗa ya rufe ƙirji, sannan tapis, ɗan zanin da ake ɗaurawa kan siket.

Yadin rigar shi ne abin a tsaya a kalla. Sunansa piña, kuma daga ganyen wata irin jar abarba ake samunsa, musamman a Aklan da ke tsibirin Panay. Ana shimfiɗa ganye kan katako a kankare shi da fasasshen tangaran, zare mai kauri ya fara fita. A sake bi da ƙoƙon kwakwa, sai lallausan ya fito, wanda suke ce wa liniwan. In hannu ya yi nauyi, zaren ya tsinke, ganyen ya tashi a banza. Bayan wanki da shanya, ba kaɗa shi ake yi kamar auduga ba: sili-sili ake ƙulla shi da hannu, a datse bakin kowane ƙulli. Ƙullin da bai kamu ba kan masaƙa yake kwancewa. Masaƙiya kan wuni ba ta wuce kwatan mita ba. Shi ya sa uwa ke adana rigar piña ta bar wa 'yarta, talaka kuma ya tsaya kan auduga ko sinamay, yadin da ake yi da zaren abaka, dangin ayaba.

Wahalar ba ta ƙare a saƙa ba. Kafin wanki sai an warware ɗinkin hannayen rigar an cire su. A tsoma su cikin sitacin shinkafa, almirol, a shanya, a goge da dutsen guga na gawayi, sannan a sake naɗe kafaɗa a ɗinke. Sitaci ya yi kaɗan, hannu ya langaɓe tun kafin a isa coci. Ya yi yawa, zare ya karye a kan ninki. Dutse ya cika zafi, yadi ya yi ja, kuma wannan ba ya gyaruwa. Gaban rigar da gyalen da fil ake kama su, don haka shiri ɗaya kan haɗa uwa da 'ya da mai aikin gida.

Maigida ma bai rabu da barong tagalog ba, rigar da ba a cusa ta cikin wando, mai aiki a ƙirji.

Sai a shekarun 1940 teloli irin su Ramon Valera suka haɗe riga da siket wuri guda da zif, aka ajiye gyale, aka bar tsayayyun hannaye masu kama da fikafikan malam-buɗe-littafi. Ita ce terno ta yau.