Ciwon Kan Kilasta: Kafin A Gano Shi, Mutum Ya Sha Wuya

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, ga Yaya Bashir a gefena kamar kullum, ga kuma Dakta Maryam da ta yi mana yaji kwana biyu.

DAKTA MARYAM: Yaji kuma? Aiki ne ya sha kaina, Hadiza.

HADIZA: Mun yafe. Yau kan ciwon kai za mu tattauna, amma ba irin wanda mutum zai sha ƙwaya biyu ya koma bakin aikinsa ba. Wanda likitoci ke kira kilasta. Yaya Bashir, kai ka nace sai mun yi wannan shiri.

BASHIR: Na nace, domin ni ne mai shi. Kuma abin da ya fi ci mini rai ba zafin ba ne kaɗai, daɗewar da na yi ina yawo tsakanin asibitoci ba wanda ya iya faɗa mini sunan abin da ke damuna.

HADIZA: To kafin mu kai ga yawon, yaya yake zuwa?

BASHIR: Ina cikin barci, ban fi awa ɗaya ko biyu da kwanciya ba, sai ya tashe ni. Bayan idona na dama, kullum na dama, kamar an gasa ƙusa an zura. Cikin 'yan mintuna ya kai maƙura. Idon ya yi jajur, hawaye na zuba ta nan kaɗai, ƙofar hancin dama ta toshe, fatar idon ta sauko kamar ina jin barci ta ɓari ɗaya. Ba na iya kwanciya, ba na iya zama. Sai safa da marwa a tsakar ɗaki, hannu a kan ido, wani lokaci har ina buga kaina da bango. Bayan kamar awa guda ya ɗauke ɗif. Gobe daidai wannan lokaci ya dawo.

DAKTA MARYAM: Kin ji wannan bayani, Hadiza? Da a ce zan samu majinyaci ya jero mini shi haka a zaman farko, da rabin aikina ya ƙare. Babu gwajin jini da ke nuna kilasta, babu hoton da za a ɗauka a ce ga shi nan. Da labarin ake gano shi. Ƙa'idar da Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya ta fitar, bugu na 3 na shekarar 2018, ta ce ciwo ne mai tsanani a ɓari ɗaya, a ido ko samansa ko gefen goshi, yana ɗaukar minti 15 zuwa 180 idan ba a yi magani ba. Yana iya zuwa sau ɗaya a kwana biyu, yana iya zuwa har sau 8 a rana ɗaya. Sannan da alamomin nan na ido da hanci a ɓarin da ke ciwon, ko kuma rashin iya natsuwa wuri ɗaya.

HADIZA: Ni da na ɗauka duk ciwon kai na ɓari ɗaya maigiren ne.

DAKTA MARYAM: Ba ke kaɗai ba, har cikinmu likitoci. Amma ki dubi mai maigiren: so yake a kashe fitila, a rufe ƙofa, ya kwanta kar ko motsi, kuma nasa yana jan awa 4 zuwa 72. Mai kilasta kuwa ki ce ya kwanta, kin ƙara masa azaba. Tambaya ɗaya nake yi wadda ke raba mini gardama sau da yawa: idan ya zo, me kake yi da jikinka? Wanda ya ce yawo nake yi, sai in gyara zama.

BASHIR: Ni ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Likita na farko ya ce kumburin kogon hanci ne, saboda majinar, ya rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na sha, bayan wasu makonni ciwon ya tafi, muka ce alhamdulillahi magani ya yi.

DAKTA MARYAM: Alhali lokacin tafiyarsa ne ya yi.

BASHIR: Ashe! Da ya zagayo, sai aka ce haƙori ne, domin zafin yana saukowa har muƙamuƙi na sama. Saura kaɗan a cire mini haƙori lafiyayye. Mai cirewar ne ya ƙwanƙwasa, ya duba hoton, ya ce Malam, ni ban ga laifin wannan haƙori ba.

DAKTA MARYAM: Ka yi sa'a. Akwai waɗanda aka cire wa, akwai waɗanda aka yi wa tiyatar hanci, ciwo na nan daram. Abin da ke ruɗa mutane shi ne yadda yake zuwa zango-zango. Yawancin masu shi, zai tsare su makonni ko 'yan watanni kullum-kullum, sannan ya ɓace watanni, wani ma shekaru. To duk maganin da mutum ke sha a ƙarshen zangon, shi za a yaba wa. Ga shi kuma ba ciwo ne mai yawa ba, kusan mutum 1 cikin 1,000. Likita zai iya daɗewa yana aiki bai ci karo da shi ba. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne mutum ya yi shekaru kafin a ambata masa sunan.

HADIZA: Maza kawai yake kamawa? Na taɓa jin haka.

DAKTA MARYAM: Ya fi yawa a maza, kuma ya fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40. Amma mata ma suna yi, kuma wannan magana ta cewa ciwon maza ne ta cuce su, don mace na zuwa sai a rubuta maigiren a sallame ta.

HADIZA: Wani abu da ke ɗaure mini kai shi ne cika alƙawarin nan nasa. Yaya ciwo zai san ƙarfe nawa?

DAKTA MARYAM: A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, haifotalamos, shi ke riƙe da agogon jiki, lokacin barci da farkawa. A 1998 masu bincike a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyata ana tsakar ciwon, suka ga wannan sashe ya tashi da aiki. Shi kuma zafin ta babbar jijiyar fuska yake bi, wadda ke kai saƙo daga ido da goshi da haƙora, ita ce kuma ke tayar da hawaye da majinar. Ciwon ba sabo ba ne. Likita Wilfred Harris ya yi bayaninsa a Ingila a 1926, likita Bayard Horton ya yi a Amurka a 1939, sunan kilasta kuma a 1952 aka raɗa masa.

HADIZA: To mu zo kan mai sauraro da ciwon ya fara masa kwanan nan, yana cikin tsoro. Ina zai dosa?

DAKTA MARYAM: Da farko, kar ya yanke wa kansa hukunci don ya ji mu. Sabon ciwon kai mai tsanani, likita ake kai wa. Akwai ma wanda ba a jira gari ya waye: wanda ya faɗo lokaci guda ya kai ƙarshen zafi cikin minti ɗaya, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, harɗewar harshe, suma ko farfaɗiya. Haka idan ido ya yi ja, gani ya dusashe, mutum na ganin zobe-zobe kewaye da fitila, yana iya zama hawan jinin ido mai saurin makantarwa. Duk waɗannan sashen gaggawa ne, a lokacin. Idan ba su ba ne, ya ga likita da wuri, ya nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Galibi za a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, ba don a ga kilasta ba, don a tabbata ba wani ƙari ne ke kwaikwayonsa ba.

BASHIR: Bari in ƙara da abin da ya fisshe ni. Matsalar ita ce, lokacin da kake gaban likita lafiyarka ƙalau. Kana murmushi, ido fes, kana cewa jiya na kusa mutuwa. Wa zai yarda? Uwargidana ce ta yi dabara. Wani dare ta ɗauke ni bidiyo da waya, ta matso da ita kusa da fuskata, ga ido ɗaya ja yana zubar da ruwa, ɗayan garau. A lokacin kam na ji haushinta. Sannan ta samu ɗan littafi tana rubutawa: ranar kaza, ya fara ƙarfe kaza, ya ɗauke ƙarfe kaza, ɓarin dama, ya sha kaza bai yi ba. Da muka ajiye wa likitan jijiyoyi littafin da wayar, bai gama kallon bidiyon ba ya ɗago kai.

DAKTA MARYAM: Wannan littafi ya fi mini tarin takardun gwaji amfani. Kuma tsawon lokacin a rubuta shi daidai, a duba agogo, kar a ƙiyasta. Akwai 'yan uwan kilasta da mintuna ne ke raba su. Wani daƙiƙu kawai yake yi kamar wutar lantarki a fuska. Wani minti 2 zuwa 30, sau da yawa a rana, kuma shi wani magani mai suna indometasin ke kashe shi murus, alhali maganin ba ya yi wa kilasta aiki. In kuma mutum ya ga alamominsa sun yi kama, ba rashin kunya ba ne ya ce, Dakta, ko kilasta ne? Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

HADIZA: An gano shi. Akwai magani kuwa, ko sai haƙuri?

DAKTA MARYAM: Ba a kai ga mai raba mutum da shi har abada ba, amma akwai masu aiki sosai. Ƙwayar haɗiya ba ta da amfani wajen katse shi idan ya taso, kafin ta narke ciwon ya gama ɓarnarsa. Farasitamol ba ya taɓa shi. Masu ƙarfin nan irin su tiramadol ma ba sa yi, sai dai su bar mutum da jaraba a kan ciwo. Abu biyu ne kan gaba wajen katse shi. Iskar oksijin zalla, lita 12 zuwa 15 a minti, ta takunkumi mai jaka, mutum na zaune, na kimanin minti 15 zuwa 20. Ba 'yar robar nan ta hanci ba, ita ba ta isa. Sai allurar sumatiriftan, miligiram 6 a ƙarƙashin fata, ko irin maganin na fesawa a hanci. Amma mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, allurar ba tasa ba ce.

BASHIR: Ranar da na fara shaƙar oksijin ɗin nan na ji ciwon yana ja da baya tun bai kai ko'ina ba, wallahi zama na yi ina kallon tukunyar.

DAKTA MARYAM: Sai dai a kiyaye, tukunyar oksijin da sigari ko wuta ba sa haɗa ɗaki, kuma da yawa daga masu kilasta mashaya sigari ne. Sai ɓangaren rigakafi. Berafamil shi ne na farko, asalinsa maganin zuciya da hawan jini ne, don haka ana gwajin bugun zuciya na ECG kafin a fara da duk lokacin da za a ƙara yawansa. Ba maganin da mutum zai saya da kansa ba ne. Kafin ya kama aiki, akan ba da firednisolon na ɗan gajeren lokaci, ko a yi allura a jijiyar ƙeya. Barasa kuma, idan ana cikin zango, kurɓi kaɗan ya isa ya tayar da shi.

HADIZA: Yaya Bashir, mu na gefe fa? Idan ina gida ɗaya da mai wannan ciwo, me zan yi?

BASHIR: Kar ki ce ya kwanta. Kar ki riƙe shi, kar ki yi ta jero masa tambaya. Ki miƙo masa abin shaƙarsa, ki kawar da abin da zai ji masa rauni, ki fita da yara, ki tsaya kusa. Kuma don Allah kar ki ce ni ma ina ciwon kai. Wannan kalma ta fi komai sa mutum ya yi shiru da abinsa. A wurin aiki ma haka, sai da likita ya rubuta mini takarda mai bayanin ciwon kafin a daina yi mini kallon malalaci don na zo da safe ido a kumbure.

DAKTA MARYAM: Akwai wanda ba a son faɗa, gara mu faɗa. Zafin nan da rashin barci da fargabar dare na kai wasu ga tunanin kashe kansu. Wanda ya ji haka a ransa ya gaya wa na kusa da shi da likitansa a ranar, wannan ma gaggawa ce. Na gefe kuma ya tambaya kai tsaye, tambaya ba ta jefa mutum a ciki. Akwai kuma ƙungiyoyin masu ciwon, kamar OUCH a Birtaniya da Clusterbusters a Amurka, kuma duk 21 ga Maris ana wayar da kai a kansa. Jin muryar wanda ya san abin yana rage kaɗaici. Sai dai duk maganin da aka ji a irin wannan zaure, a kai wa likita tukuna.

HADIZA: Idan zango ya wuce, shi ke nan sai a watsar da komai?

BASHIR: A nan ne ake yin shiri. Ni yanzu da na ji ɗan nauyin nan a bayan ido, na san baƙo na hanya, ba na jiran ya iso. Takardar magani na nan a ajiye, na san inda zan samo tukunya, na san lambar da zan kira.

DAKTA MARYAM: Kuma a bar likita ya sauke maganin rigakafin a hankali, kar a yanke shi rana ɗaya. Wanda nasa ya kai shekara bai ba shi hutun wata 3 ba, ya koma a sake zama, don tsarin maganinsa daban ne.

HADIZA: Lokaci ya cimmana. Dakta, mun gode, kar a sake yi mana yaji. Yaya Bashir, Allah ya ƙara sauƙi.

BASHIR: Amin, ƙanwata.

HADIZA: Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.