Dala dubu goma a ƙarƙashin filo: lacca kan besbol da caca

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan kawo in lokaci ya bari. Na san wani na cewa a ransa ina ruwanmu da besbol, wasan da wani zai jefo ƙwallo wani ya maka mata sanda ya zura da gudu, to ku yi haƙuri, maganar caca ce, caca kuwa ba baƙuwarku ba ce, ga wasu can har sun sunkuyar da kai (dariya).

Na farko, 1919 a Amurka. Kulob ɗin Chicago White Sox ya kai wasan ƙarshe na kofi, zai kara da Cincinnati Reds, kowa ya ba Chicago. Ashe 'yan wasansu sun zauna da 'yan caca a otal an yi ciniki an gama. A lokacin ɗan wasa ba shi da ikon barin kulob, abin da mai kulob ya yanka maka shi ne naka, ko ka karɓa ko ka koma gida. Babban mai jifansu, Eddie Cicotte, ya shiga ɗaki ya ɗaga filo ya tarar da dala 10,000. Washegari mutum na farko da ya tsaya gabansa sai ya dirka masa ƙwallo a gadon baya, alama ke nan ga masu kuɗin cewa magana tana nan. Da yake jerin wasanni ake yi, ba wasa ɗaya ba, Cincinnati ta ci wasa biyar, Chicago uku.

Mutum takwas aka kora, amma ni wanda ke tsaya min a rai shi ne Buck Weaver. Bawan Allahn nan bai karɓi ko sisi ba, ku ji da kyau, ko sisi! Ya buga wasansa tsakani da Allah. Laifinsa ya zauna inda aka ƙulla abin, ya ji, ya yi gum. A 1921 kotu ta wanke waɗanda aka gurfanar, har an yi shagali, kwana ɗaya tak shugaban wasan, alƙali Landis, ya ce kotu ta yi nata ni ma zan yi nawa, wanda ya sayar da wasa da wanda ya ji bai faɗa ba duk kanwar ja ce, kar wanda ya sake taka fili. To ku da kuke cewa ba kwa tona asirin aboki, kun ji. Weaver ya yi ta kai koke, ya yi ta kai koke, a banza. Ni dai har gobe ina ganin an yi masa tsauri, amma kuma in na tuna... a'a bari dai, Alhaji na nuna min agogo.

Na uku, au na biyu ko? Pete Rose. Bugu 4,256 ya yi yana ɗan wasa, wato sau 4,256 ya maka wa ƙwallo sanda ya zura ya tsira, babu wanda ya kai shi a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka. Yana kocin Cincinnati yana zuba kuɗi a kan wasannin kulob ɗinsa, aka kore shi a 1989, ya yi ta rantse-rantse sai 2004 ya amsa. Sai na kwanan nan, Shohei Ohtani ɗan Japan, shi tafintansa ne ya kwashe masa kusan dala miliyan 17 yana biyan bashin caca, tafinta ya tafi gidan yari. Kuma tun 2018 kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni, yanzu ana wasa ana tallarta a talabijin, wannan kuwa ita ce maganar da na so in...

Na'am ɗan samari? Ɗaga murya.

(Wani ya yi tambaya: Malam, shi wancan da ya yi shiru, an yafe masa daga baya?)

Yawwa, Allah ya yi maka albarka. An cire sunan Weaver daga jerin korarru, amma ka san yaushe? Watan Mayun 2025. Shugaban wasan na yanzu Rob Manfred ya ce daga yau kora tana ƙarewa ranar da mutum ya mutu, sai aka goge sunan Rose da na su Weaver gaba ɗaya. Rose ya rasu a Satumban 2024, wata bakwai da 'yan kwanaki ke nan. Shi kuwa Weaver tun 1956 yake ƙasa, wani ya yi min lissafi, shekara nawa? Sittin da tara, haka ne. A miƙo min ruwan nan.