Me Ake Koyarwa a Ajin Farko na Nazarin Al'adun Ɗan Adam?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

A shekarar 1956 wani masani ya ba da labarin wata ƙabila da ke nahiyar Amurka ta Arewa. Ya ce mutanen nan sun yi imani cewa jikin mutum mummunan abu ne mai saurin ruɓewa, shi ya sa kowane gida yake da ɗakin tsafi, masu hali ma fiye da ɗaya. A bangon ɗakin an kafa wani akwati cike da magunguna. Kowace rana mutum zai shiga shi kaɗai, ya sunkuya, ya cusa wani ɗan tsinke mai gashin alade a bakinsa tare da garin magani, ya yi ta gurzawa. Sau ɗaya ko biyu a shekara sai ya tafi wurin bokan baki, a huda masa haƙori, a cika ramin, ya sha azaba, ya kuma biya. Matansu kuwa sukan gasa kawunansu cikin ƙananan tanderu. Sunan ƙabilar Nacirema.

Ku karanta sunan daga ƙarshe zuwa farko. Amurkawa ne. Ɗakin tsafin banɗaki ne, tsinken buroshin goge baki ne, bokan likitan haƙori ne, tanderun kuma na'urar busar da gashi ce a shagon gyaran kai. Horace Miner na Jami'ar Michigan ne ya rubuta wannan, mutumin da ya yi bincike a Timbuktu, daga baya kuma a ƙasar Zazzau. Har yau malamai da yawa da wannan rubutu suke buɗe aji, su bar ɗalibai su yi ta tir da ƙazantar waɗannan mutane kafin su gane da su ake.

To, darasin da ake buɗewa da wannan tarko shi ne antiropoloji na al'ada, wato nazarin yadda mutane suke rayuwa tare: me suke ci, wa suke aura, wa ke gadon wa, me suke jin kunya, me suke tsoro. A jami'o'in Amurka ana ɗaukarsa reshe ɗaya cikin huɗu, sauran su ne nazarin halittar jikin ɗan Adam, da tonon kayan tarihi, da nazarin harshe. A Najeriya sau da yawa za ku same shi haɗe da sashen nazarin zamantakewa, kamar a Jami'ar Maiduguri da ta Nsukka.

Makon farko yakan tafi ne a kan tambaya guda: mece ce al'ada? Wani Ba'ingile, Edward Tylor, ya ba da amsar da ake maimaitawa tun 1871: duk abin da mutum ya koya saboda yana zaune cikin jama'a, daga ilimi da imani da doka zuwa sana'a da ɗabi'a. Ba a haifi kowa da ita ba, koya ake yi. Amma Tylor da tsararrakinsa sun yi wani babban kuskure. Mafi yawansu suna zaune ne a ɗakin karatu suna tattara labaran 'yan mishan da matafiya, sai suka jera al'ummun duniya a kan tsani: waɗannan suna ƙasa, waɗancan suna tsakiya, Turawa kuma, ba mamaki, suna can ƙoli.

Wanda ya karya wannan tsani shi ne Franz Boas, Bajamushe da ya koma Amurka. A 1883 ya tafi tsibirin Baffin a arewacin Kanada ya zauna da mutanen Inuit, inda ya ga cewa shi mai digirin digirgir, in ba don su ba, da sanyi ya kashe shi. Daga baya a New York ya auna kawunan baƙin haure da 'ya'yansu sama da 17,000, ya nuna cewa siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta bambanta da ta iyayensu da aka haifa a Turai. A wancan zamani da siffar kai ake kafa hujjar fifikon launin fata. Matsayin Boas shi ne, kowace al'ada tana da tarihinta, kuma sai ka fahimce ta da ma'aunin masu ita kafin ka buɗe baki.

A nan ɗalibai sukan rikice, don haka bari mu tsaya kaɗan. Ba a ce ka yarda da duk abin da ka gani ba, ba a kuma ce ka bar addininka a bakin ƙofar aji ba. An ce dai ka jinkirta hukunci har ka san abin da ake yi da dalilin yin sa. Alƙalin da ya yanke hukunci kafin ya saurari shaidu, ko ya dace, bai yi shari'a ba. Wannan tarbiyya ma ba Turawa suka fara ta ba. Tun wajen 1030 Al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta yadda Hindu suke fahimtar addininsu da lissafinsu, yana faɗin abin da suka ce kamar yadda suka ce, alhali shi Musulmi ne.

Sai batun hanyar aiki, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan darasin. Gabas da tsibirin Sabuwar Gini akwai wasu ƙananan tsibirai. Sunansu Trobriand. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ritsa da wani ɗan Poland, Bronislaw Malinowski, a Ostareliya, yana riƙe da takardun ƙasar da ake yaƙi da ita. Maimakon a tsare shi, aka bar shi ya tafi bincike. Tsakanin 1915 da 1918 ya kafa tantinsa a tsakiyar ƙauyen Omarakana, ya koyi harshensu, yana zuwa gona, yana zuwa jana'iza, yana jin gulmar dare. Ya lura cewa abin da mutane suke cewa suna yi daban, abin da suke yi kuma daban, kuma ba za ka ga tazarar ba sai ka daɗe har an daina yi maka kallon baƙo.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne Kula. Mazajen tsibiran sukan hau kwale-kwale su keta teku mai haɗari don su yi musayar abu biyu: jan sarƙar wuya ta ƙwaryar kifin teku, da farin abin hannu. Sarƙar tana zagaya tsibiran ta hannun agogo, abin hannun ta ɗaya hannun. Ba a ci, ba a sayarwa, ba a ma riƙewa da daɗewa, sai a miƙa wa abokin hulɗa na gaba. Ɗan kasuwa zai ce asara ce. Amma kowane kaya yana da suna da tarihin hannayen da ya ratsa, da shi mutum yake yin suna, da shi yake samun masauki da kariya a tsibirin da ba danginsa. A gefen wannan ziyara kuma ake cinikin yau da kullum, da tayi da albarka.

A 1925 Marcel Mauss na Faransa ya ɗora a kan wannan, ya ce kyauta tana ɗauke da wajibai uku: bayarwa, karɓa, da ramawa. Iyayenmu mata ba sa buƙatar Mauss ya gaya musu. Duk matar da ta kai gudummawa bikin ƙawarta ta san ana lissafi, ta kuma san ranar nata bikin za a rama, a wasu wurare har a ninka. Wadda ta ƙi karɓa ta yanke zumunci, wadda ta ƙi ramawa ta zubar da mutunci. Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin irin wannan musayar kyauta a ƙasar Maraɗi.

Daga nan sai a shiga dangantaka, inda allo yake cika da alwatika da da'ira: alwatika namiji, da'ira mace. Ɗalibai sukan tsani wannan mako, ni kuwa shi na fi so. Ba'ingile kalma ɗaya yake da ita ga ƙanen uba da ƙanen uwa. Bahaushe ya raba: ɗan'uwan uba baba ne ko baffa, 'yar'uwar uba gwaggo, ɗan'uwan uwa kawu, 'yar'uwar uwa inna. Rabon ba na ado ba ne, domin ɗan kawunka ko ɗan gwaggonka taubashinka ne, kana iya tsokanarsa yadda ba za ka yi wa ɗan baffanka ba. A wurin Asante na Ghana, bisa tsohuwar al'adarsu, ta ɓangaren uwa ake bin zuri'a, mutum yakan gaji kawunsa. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, shi ma yana cikin manhaja: masanin Ingila Radcliffe-Brown ya yi rubutu a kan irinsa a 1940, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan dangi na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya.

Addini da sihiri suna da nasu mako, kuma misalin da ba ya wucewa shi ne rumbun ƙabilar Azande. Wani masani Ba'ingile, Evans-Pritchard, ya zauna da su a kudancin Sudan, littafinsa ya fito a 1937. Rumbu ya rufta kan mutanen da ke shan inuwa a ƙarƙashinsa, Azande suka ce maita ce. Ba wai ba su san gara ce ta cinye ginshiƙan ba, sun sani sarai. Tambayarsu ita ce, me ya sa ya faɗi a daidai wannan lokaci, a kan waɗannan mutane? Gara ba ta amsa wannan. Ajin ba ya cewa maita gaskiya ce, ba ajin tauhidi ba ne. Yana nuna maka ne yadda zargin maita yake bin layin gaba da hassada tsakanin maƙwabta.

Malamin kirki ba zai ɓoye tabon wannan fanni ba. Fannin ya girma ne a inuwar mulkin mallaka. A Arewacin Najeriya gwamnatin Turawa tana da jami'inta na wannan aiki, C. K. Meek, domin sanin al'adun mutane yana sauƙaƙa mulkarsu. Shi kansa Malinowski, da aka buga littafin sirrinsa a 1967, an ga maganganun ƙyama a kan mutanen da suka ba shi masauki. A 1973 Talal Asad ya tara masana suka fito da wannan magana fili. Duk da haka, Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya, ɗalibin Malinowski ne a Landan, kuma da kayan aikin nan ya rubuta littafi a 1938 yana kare al'adun ƙabilarsa ta Kikuyu daga masu mulkinsu.

Mu ma an yi rubutu a kanmu, kuma ya kamata mu karanta. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa, wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta: harin bayi, zuwan Turawa, aure-aurenta, riƙon 'ya'ya. An buga a 1954. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana bin yadda talauci da wadata suke rabuwa tsakanin manoma. Abner Cohen kuwa ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa Hausawan can sun ƙara riƙe Hausancinsu da ɗariƙar Tijjaniyya ne a daidai lokacin da suke kare cinikin goro da shanu, sana'ar da ke tafiya kan bashi da amana tsakanin maigida da dillali da fatake. Wani zai ce Cohen ya cika mai da komai kasuwa, kuma irin wannan gardama ake so ɗalibi ya yi.

Ina amfaninsa bayan jarrabawa? A 2014, lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo, mutane suna ɓoye gawa saboda ma'aikata suna ɗauke mamaci ba wanka ba salla. Masana al'adu da malaman addini suka shiga tsakani, kuma a watan Nuwamba Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin binnewa da ya ba dangi wuri, ya kuma tanadar wa Musulmi taimama da likkafani da salla.

A ƙarshen zango yawanci za a ba ka aikin fita. Ka zaɓi wuri guda, teburin mai shayi, ko tashar mota, ko gidan suna, ka zauna ka rubuta wa ya zauna ina, wa ya fara gaisuwa, wa ya biya, wa ake ba bashi ba tare da ya roƙa ba. Ka rubuta abin da ka gani a shafi ɗaya, abin da kake zato a wani shafin, kada ka gauraya su. Kafin ka fara ka gaya wa mutanen abin da kake yi, ka nemi izininsu, in za ka miƙa wa malami kuma ka sauya sunayensu. Wanda ya ce kada a rubuta maganarsa, ba a rubutawa.