Me ake koya wa ɗalibin fannin kuɗi a digirin kasuwanci?

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Wanda ya shiga jami'a don yin digirin farko a kasuwanci, shekarunsa na farko kusan duk ɗanɗane ne. A ba shi tattalin arziki kaɗan, ƙididdiga kaɗan, dokokin kasuwanci, dabarun talla, tafiyar da ma'aikata, da aikin akanta. Sai tafiya ta yi tafiya, a jami'o'i da yawa, a ce masa to, zaɓi inda za ka karkata. A nan ne wasu ke ɗaukar fannin harkokin kuɗi, kuma da yawansu ba su san abin da suka ɗauko ba. Wani ya ji an ce albashin banki na da tsoka. Wani kuma zatonsa aikin akanta ne aka sake wa riga.

To ba haka ba ne. Akanta yana rubuta abin da ya riga ya faru: me ya shigo, me ya fita, wa kamfani ke bi, wa ke bin kamfani. Tsarin da yake aiki da shi, na rubuta kowane ciniki a ɓangare biyu, tsoho ne ƙwarai, don tun 1494 wani masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa bayaninsa a birnin Venis. Shi kuwa mai fannin kuɗi, waɗannan alƙaluman yake karɓa ya fuskanci gaba da su. A sayi sabon inji ko a haƙura? In za a saya, bashi za a ci ko hannun jari za a sayar? Ribar bana a raba wa masu jari, ko a mayar da ita cikin kamfani? Duk shawara ce a kan kuɗin da ba a gani ba tukuna.

Shi ya sa darasin farko da ake koyarwa shi ne kuɗin yau ya fi kuɗin baɗi daraja, ko da adadinsu ɗaya ne. An daɗe da cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da wannan fanni ya ƙara shi ne, ya faɗi da nawa ya fi ta.

Ku dubi waɗannan lambobi, ku ɗauke su a kowane irin kuɗi kuke so. Mutum na da 100,000, kuma akwai harkar da zai sa su su haifar masa da kashi 10 cikin 100 a shekara. Baɗi sun zama 110,000. Baɗin waccan sun zama 121,000, domin ƙarin da aka samu shi ma ya fara haihuwa. Yanzu ku juya lissafin. Idan wani ya yi masa alkawarin 121,000 nan da shekara biyu, darajar alkawarin a yau 100,000 ce, ba ƙari. Wannan dawo da kuɗin gaba zuwa darajarsa ta yau, shi ne ginshiƙin karatun duka.

Ga yadda yake fitowa a jarrabawa, haka kuma yake fitowa a ɗakin taron kamfani. Inji ne kuɗinsa 1,000,000. An ƙiyasta zai riƙa kawo 400,000 duk shekara har shekara uku, daga nan ya gama amfani. Mai gaggawa zai tara ya ce 1,200,000, ai akwai ribar 200,000, a saya. Ɗalibin fannin kuɗi zai ce a dakata. A kan kashi 10 ɗin nan, 400,000 na shekarar farko darajarsu a yau kusan 363,600 ce. Na shekara ta biyu kusan 330,600. Na ta uku kusan 300,500. Jimla ta kama wajen 994,700, wato ba ta ma kai kuɗin injin ba. Cinikin da ake yi wa kallon riba ashe ɗan giɓi ne a cikinsa. Idan da abin da kuɗin zai haifa a wani wurin kashi 5 ne kawai, da injin ya biya kansa har da rara. Inji ɗaya, amsa biyu, kuma abin da ya raba su shi ne wancan kason da aka zaɓa. Malamai na ɓata makonni a kan yadda ake zaɓensa, kuma sun yi gaskiya, don a nan ne mutum zai iya yaudarar kansa cikin sauƙi.

Na san akwai mai cewa, wannan ai lissafin kuɗin ruwa ne, ni kuwa ba na taɓa shi. Lissafin bai tsaya ga kuɗin ruwa ba. Kason nan yana iya zama ribar da za ka samu a wata sana'ar da ka bari don ka yi wannan, ga kuma hauhawar farashi da ke zaizaye kuɗin da aka ajiye. Bankunan Musulunci ma da irin wannan awo suke duba hanyoyinsu na ciniki da zuba jari irin su murabaha da mudaraba da musharaka da takardun sukuk, kuma jami'o'i da dama, har a Malesiya da Birtaniya, suna koyar da harkar kuɗi ta Musulunci a matsayin kwas mai zaman kansa.

Sai maganar kasada. Waccan 400,000 da muka ce injin zai kawo, ƙiyasi ne, ba wanda ya ba da tabbaci. Gwargwadon rashin tabbas, gwargwadon ribar da mai jari zai nema kafin ya saki kuɗinsa. A 1952 Harry Markowitz, yana ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Shikago ta Amurka, ya nuna da lissafi cewa ba a auna haɗarin kadara ita kaɗai, sai an duba yadda take tafiya da sauran abin da mutum ya mallaka. Idan man fetur ya yi tsada, kamfanin jiragen sama na kuka, kamfanin haƙar mai na murna. Wanda ya riƙe hannun jarin duka biyun, girgizar ba za ta kai masa kamar wanda ya riƙe ɗaya ba. Amma wanda ya sayi na kamfanonin jirage goma, yana ganin ya rarraba, alhali iska ɗaya ce za ta kaɗa su. Wannan aiki ne ya kai Markowitz ga lambar yabo ta Nobel a 1990, tare da William Sharpe da Merton Miller, waɗanda su ma ɗalibi zai yi ta cin karo da sunayensu.

Bashi kuma yana ninka komai, riba da asara. Bankin Lehman Brothers na Amurka da ya durƙushe a ranar 15 ga Satumba, 2008, kadarorin da ya riƙe sun kai kusan ninki 30 na jarinsa na kansa, sauran duk kuɗin mutane ne. Ku yi lissafin: darajar kadarorin ta faɗi da kashi 4 cikin 100 kacal, jarin ya tafi baki ɗaya. Tun daga lokacin, da wuya a koyar da kwas ɗin kasuwannin kuɗi ba a kawo wannan labari ba.

Akwai abu guda da ke ba sababbin ɗalibai mamaki, wato kamfani na iya nuna riba a takarda kuma ya kasa biyan albashi. An sayar da kaya bashi, akanta ya rubuta ciniki, amma kuɗin ba su shigo ba, ga masu kawo kaya sun tsaya a ƙofa. Don haka ake koya wa ɗalibi ya karanta rahoton riba da asara, ya haɗa da na kadara da bashi, sannan ya fi zuba ido a kan na shigar tsabar kuɗi da fitarsu.

Lissafin fa, yana da wuya? Mafi yawansa bai wuce kaso, aljabara da ƙididdiga ba. Inda yake yin zafi shi ne kwas ɗin yarjejeniyoyin saye da sayarwa na gaba, inda ake haɗuwa da tsarin lissafin farashin wasu daga cikinsu da masana biyu, Black da Scholes, suka fitar a 1973, kuma sau da yawa wannan na zaɓi ne a shekarar ƙarshe. Abin da ya fi kayar da ɗalibai, a ganina, shi ne haddar ƙa'ida ba tare da fahimtar dalilinta ba. Malami ya ɗan juya tambaya, ya ce kuɗin a farkon shekara suke shigowa maimakon ƙarshenta, sai mai hadda ya rikice. Kuma duk mai son wannan fanni ya kama manhajar lissafi ta kwamfuta, Excel, da wuri, don a wurin aiki ba da biro da takarda ake waɗannan lissafe-lissafe ba.

Kada wani ya shiga yana zaton za a koya masa sirrin hannun jarin da zai tashi gobe. Akasin haka ma zai ji, cewa doke kasuwa a kai a kai abu ne mai wuyar gaske, har ga ƙwararru. Masu gama karatun suna samun aiki a bankuna, sashen kuɗi na kamfanoni, inshora, asusun fansho, da hukumomin da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari. Mai son zurfafawa a harkar zuba jari yakan bi da jarrabawar ƙwararrun masu nazarin harkar kuɗi da ake kira CFA, wadda ke da matakai uku, kuma ba a ba da shaidarta sai an haɗa da shekarun aiki a fannin. Wanda kuma ya ga hankalinsa ya fi kwanciya da tsara littattafai da binciken asusu, to ya duba kwasakwasan akanta tun kafin lokacin zaɓi ya wuce.