Mai shayarwa ta ji ciwo, wane magani za ta shafa?

Salamu alaikum masu jego da masu goyo, ku matso kusa. Wuƙa ta yanke ki wajen yankan kuɓewa, ko ruwan wankan jego ya ɗan ƙona ki, sai ki ji wata a gida tana cewa kar ki shafa komai wai zai bi nono, wata ma ta ce ki dakata da ba yaro mama. Dan Allah kar ki hana shi. In ciwon ƙarami ne a hannu ko ƙafa, abin da fata ke sha na magani kaɗan ne sosai balle ya kai ga nono. Ki wanke da sabulu da ruwa mai tsafta, ki shafa maganin ciwon, ki rufe, ki wanke hannu kafin ki ɗauki yaro. Toka da garin kafso kuwa ki bar su inda suke.

Aidin ne ke son lura. Shi yana ratsa fata kuma yana taruwa a ruwan nono, toh in kullum ana zuba shi a babban ciwo kamar ɗinkin tiyata ko ɗinkin ƙasa bayan haihuwa, zai iya rage aikin tayirod ɗin jariri, wato abin nan na wuya da in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, musamman ma bakwaini. Ki gaya wa malamar asibiti kina shayarwa, akwai kuloheksidin a maimakon aidin, dangin wanda ake ba ku na cibiya. Haka Dermazin na ƙuna, in yaron bai kai wata 2 ba ko yana da shawara, kar ki saya a kemis da kanki, likita ya gani tukun.

Kan nono kuma maganarsa daban, duk abin da kika sa a nan bakin yaro kika sa wa. Banda Robb, banda man zafi, banda zuma, ita zuma ba a ba yaron da bai shekara 1 ba ko da lasa ce. Yawancin tsagewar daga kamun yaro ne, kan kawai yake kamawa, ki gyara masa ya haɗa har da baƙin wurin, in ya gama ki tatso ɗan nono ki shafa ki bari ya bushe. In asibiti sun ba ki kirim, bayan ya sha za ki shafa, ki goge kafin ya sake kamawa.

Wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa ko zazzaɓi ya rufe ki? Ranar za a kai ki asibiti, kuma da yaron za ki tafi.